Lamba Ɗari Huɗu da Sha Biyu

A Aboabo wuta ta ɗauke tun la'asar,
sai hasken wayata a tafin hannu,
ni da sauro muna raba dare.
Data na saya ta sidi goma
don in nemo mutum guda
da ya kwanta dama kafin a haifi ubana.

Mu a gidanmu an haddace zancen:
Malam Ɓaidu ne tushenmu,
Bakatsine, mai allo da gafaka,
ya biyo ayarin goro ta Salga
da jakuna arba'in, in ji Baba,
sittin, in ji Kawu Ɗanjuma
in ya ci ya ƙoshi.

Na rubuta Ɓaidu, shiru.
Na cire wa harafin ƙugiya, shiru.
Na lanƙwasa sunan yadda kunnen Bature
zai ji shi ya ɓata shi,
sai ga Fantawa dubu sun yi layi,
babu nawa a cikinsu.

Zakara ya kusa cara
na faɗa kan wani tsohon littafi,
rajistar sojan Turawa,
an ɗauki hotonta shafi-shafi,
tawada ta koɗe kamar ruwan shayi.
Na buɗa yatsu biyu, rubutu ya girma.

Lamba ɗari huɗu da sha biyu.
Suna: nasa ne, ko da an karya shi.
Tsayi: ƙafa biyar da 'yan kai.
Tsaga uku-uku a kumatu,
ɗaya ta haura karan hanci.
Gari: ba a sani ba.
Can a gefe, da ƙaramin hannu:
ya tsere wa ubangijinsa a Salga.

Na nemi Katsina har ƙasan shafi.
Na nemi ko jaki ɗaya.

Da safe na tarar da Kaka Dela
tana tsince tsakuwa daga wake,
shekara casa'in, ido ya yi hazo,
yatsu kuwa ba sa kuskure.
Na karanta mata, murya na rawa.
Ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "Marubucin ya yi ragwanci.
Ina ɗan yatsan hagu da babu?
Ina tabon igiya a wuya?
Ni na hau cinyarsa,
na sa farce cikin tsagar nan
ina ƙirgawa, yana dariya.
Sai da ya yi furfura ya san alif,
a zauren wani malami a Yalwa,
yana zaune cikin yara.
Katsina kuwa aronta ya yi,
kamar babbar riga, ran neman aure,
mai riga bai zo karɓa ba."

Na ce, "Kaka, don me aka ɓoye?"
Ta ce, "Wa ya tambaye ni?
Ku maza kuna can kuna ƙara jakuna."

Sannan ta ajiye faifai,
ta rufe ido, ta jawo wani abu
daga can ƙasan maƙogwaro,
kalma huɗu, ko biyar,
ba Hausa ba, ba Tonanci ba,
abin da yake faɗa wa kansa
in zazzaɓi ya kama shi.
Ba ta san ma'ana ba.
Shekara tamanin tana riƙe da ajiya
ba ta san ko zagi ne ko sunan uwa.

Na danna, waya ta naɗe muryar.
Daƙiƙa tara.
Duk gadonmu ke nan daga wancan gari.

Yanzu ga bishiyar zuriya a gabana,
na cike reshe-reshe har sama.
Akwati ɗaya ya rage, garin haihuwa,
ɗan sanda-sandan nan yana ƙiftawa.
A waje Kawu Ɗanjuma na alwala,
yana ba yaran makwabta labari.
Na ji jakunan sun kai saba'in.