Rabin Suna

Shekara arba'in mahaifina Marolop
yana zama a bencin ƙarshe na majami'armu a Samosir,
dab da ƙofa, inda iskar tafkin Toba ke shigowa.
In jama'a suka miƙe za su furta bangaskiya,
shi sai ya duƙa yana gyara igiyar takalmi.
Takalmin nan ba shi da igiya.
Na sani, don ni ke goge shi kowace Asabar.

Wata Laraba yana jan koma daga ruwa
ɓarin jikinsa na dama ya mutu.
Harshe ya kwanta a bakinsa
kamar kifin da aka manta a gindin kwalekwale.

Da daddare na je wurin Fasto Silalahi,
ko lakar ƙafata ban wanke ba.
Na ce, kai ka koya mana abu biyu ne,
zuciya ta gaskata, baki ya shaida.
To ga baki ya rufe bai biya nasa kason ba.
Wa zai ara wa babana harshe?
Ya daɗe yana juya kofin gahawarsa.
Ya ce, Tiurma, makullin ba a hannuna yake ba.
Koma ki zauna kusa da shi, ki kasa kunne.
Na ce, kunne ga bebe?
Ya ce, e.

Kwana tara ina ɗura masa kunun shinkafa da cokali.
A na goma ya damƙe ni da hannun hagu,
ya nuna tudu, ya nuna, ya sake nunawa,
har muka ɗora shi a kujera muka haura da shi.
A iyakar gonarmu da ta marigayi ƙanensa
akwai wani baƙin dutse da gansakuka ta lulluɓe.
Ya dubi dutsen, ya dubi Bonar, ɗan marigayin,
ya ɗaga yatsu uku,
ya karkata su wajen gonarmu.

Taki uku.
Ashe shi ya tura dutsen cikin dare
a shekarar da aka haife ni.
Ashe shinkafar da ta gina mini ƙashi da tsoka
da haƙƙin maraya a cikinta.

Bonar bai ce uffan ba.
Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ciccibi dutsen,
ya mai da shi mazauninsa na fari.
A ramin da ya bari, tsutsotsi
da farar saiwa wadda ba ta taɓa ganin rana ba.
Sannan ya dawo ya sa gefen rigarsa
ya share yawun da ke bin haɓar tsohon.

A nan ne bakin ya motsa.
Jijiyar wuya ta miƙe, ido ya kafe a sama,
ya yi ta kokawa da harshen nan,
har ya fitar da ita:
Ye...

Shi ke nan. Sauran ya maƙale.
Bai ga girbi ba.

Har yau dattawa na gardama a shagon gahawa.
Wani ya ce jirgin fito ba ya karɓar rabin tikiti.
Wani ya ce yatsu ukun nan ma baki ne.
Ni ban iya muhawara ba.
Abin da na sani,
ina 'yar shekara biyar santsi ya kwashe ni daga kan gadar katako,
Ba... kawai na samu na ce
kafin ruwa ya cika mini baki.
Yana can nesa yana ɗinkin koma, ya ba ni baya.
Bai jira na ƙarasa ba.
Da rigarsa da hularsa ya faɗo.