Haƙarƙarin Baldomero

Ranar da 'yan kwana-kwana suka zo kasuwar kifi ta Valparaiso
da mutum-mutumin roba, ba hannu ba ƙafa,
mun yi dariya har da riƙe ciki.
Na ce, "Nibaldo, wannan gawar taka ko wari ba ta yi."
Bai tanka ba. Ya kama hannuna mai ƙarni,
ya kafa gindin tafin a tsakiyar ƙirjin,
ya ɗora ɗayan a kai, ya sarƙe yatsun.
"Kada gwiwar hannu ta lanƙwashe,
nauyin jikinki ne zai yi aikin.
Danna ya nutse kamar faɗin yatsu uku,
bar shi ya taso, ki koma,
sau biyu kafin daƙiƙa ta wuce."
Na danna a hankali.
Ya ce, "Eduvigis, shafa mage kike yi?
Wanda zuciyarsa ta tsaya ba ya bukatar kunyarki."

Wata bakwai ban sake tunawa ba.

Sai wata Laraba, teku na ta tumbatsa,
Baldomero mai shuɗin kwalekwale,
wanda muke gaba kan sikeli, shekara huɗu ba ko sannu,
ya sauke kwando, ya buɗe baki zai yi ciniki,
ya zube
kamar buhun da aka zare wa igiya.

Aka yi masa zobe. Wata ta kawo ruwa,
wani na fifita da kwali,
wani na cewa, "Ai yana numfashi!"
Na durƙusa cikin narkakkiyar ƙanƙara da hanjin kifi,
na girgiza kafaɗarsa,
na kira sunan da na rantse ya bar bakina.
Shiru. Sai shaƙuwa jefi-jefi,
irin ta kifin da aka jefo tudu.
Nibaldo ya ce mana wannan ba numfashi ba ne.

Na nuna yarinya mai jar riga: "Ke, kira motar asibiti.
Kai Floridor, ofishin tasha,
akwatin nan na bango, da gudu!"

Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ƙirjin mutum ya fi roba taurin kai.
A na goma sha tara wani abu ya ce ƙas
a ƙarƙashin tafina,
hanjina ya kaɗa, hannuna bai tsaya ba.
Talatin. Na ɗaga haɓarsa, na matse hancin,
na ba shi iskar cikina sau biyu,
ƙirjin ya tashi.
Bakinsa warin taba da gahawa.
Na koma. Gumi na shiga idona,
kafaɗuna sun zama itace,
sai mai dako, Ruperto, ya ce, "Matsa,"
na ƙirga masa da ƙarfi, ya karɓa ba tare da gibi ba.

Akwatin ya iso yana magana da muryar mace.
Muka goge ƙirjin, muka manna faifan biyu.
"Kowa ya janye hannu."
Jikin ya zabura sau ɗaya.
Tsuntsayen teku ma sun yi tsit, ko ni ce na kurmance.
"Ci gaba da dannawa."
Na ci gaba,
har yatsunsa suka motsa, suka damƙi gefen zanena,
har jiniya ta ratso lungun kasuwa.

Da dare na kasa riƙe cokali.

Mako biyar, sai ga shi, tafiya kamar mai taka ƙwai.
Ya ajiye kifi uku manya a teburina.
"Haƙarƙari biyu kika karya min."
Na ce, "Saura nawa?"
Ya yi dariya, ya dafe gefensa, ya daina.
Ya dubi sikelina ya daɗe,
ya ce, "Har yanzu yana ƙwarar mutane."
Na ce, "Asabar Nibaldo zai dawo da gawarsa.
Ka zo da wuri, ka wanke hannu."