Mudu Biyu a Tartu

Ƙarfe biyu da rabi na dare a Tartu,
ƙanƙara ta rufe bakin kogi,
wayar aiki ta buɗe nawa.
Urmas ne: "Helve, layin asibiti ya tsinke.
Rumbun bayanai lafiya lau,
ɗakin gwajin jini lafiya lau,
na tsakaninsu ne ya yi yaji."

Na tsakaninsu, ni na rubuta ta
shekara shida da suka wuce:
'yar manhaja, 'yar aike mai mudu biyu.
Ɗaya na tarar abin da ya shigo,
ɗaya na riƙe abin da zai fita
har mai jira ya miƙo hannu.
Kowanne bayit dubu takwas da 'yan kai.
A lokacin cewa na yi, wa zai cika wannan?

Na zauna da safar ulu da rigar barci,
shayi yana hucewa,
allo yana zazzago layuka,
ina laluben allura cikin ruwa.

Huɗu saura kwata na kama sawu.
Wata likita ta yi dogon bayani
kan wani tsoho, Ülo Põldmäe,
kuma harafinmu mai 'yar igiya a ka,
a ido ɗaya ne, a mudu biyu ne.
Ni haruffa na ƙirga,
inji nauyi yake awo.
Saƙon ya haura da bayit uku.
Uku tak.

Mudu bai yi kuka ba, bai ja daga ba,
ya shafe tozo ya zubar.
Abin da ya zube wutsiyar jimla ce:
"kada a ba shi maganin"
sai fili.
Rumbu ya ga guntun zance ya ƙi karɓa,
'yar aike ta sake kawowa, ya sake ƙi,
ƙin ya yi ta taruwa a mudun fita,
ba mai kwashewa,
har ya cika ya tumbatsa, igiya ta tsinke.

Urmas ya yi hamma cikin waya:
"Cire iyakar gaba ɗaya mu kwanta."
Na ce a'a.
Mudun da ba shi da baki rami ne.
Mai karɓa guda in ya yi nawa,
zai haɗiye ƙwaƙwalwar injin kaf,
gobe ba layi ɗaya za mu yi wa makoki ba,
gidan ne zai rufta.

Na ninka shi huɗu, wannan mai sauƙi ne.
Mai wuyar shi ne harshen da na dasa masa,
ya iya cewa: ya fi ƙarfina,
raba shi biyu ka dawo.
Gara ƙi da murya
da karɓa da sata.

Biyar da minti goma, fitila ta koma koriya.
Jimlar tsoho ta isa da wutsiyarta.
Urmas bai ce na gode ba, munshari ya yi.

Sai na ga saƙon murya tun na jiya,
babana ne daga Võru.
Akwatin saƙo minti biyu yake ɗauka.
Ya yi zancen itacen hunturu,
da karen maƙwabci da ya tone shinge,
da tuffa da ta ruɓe a ɗakin ƙasa,
ya yi tari, ya yi dariya,
sannan: "Af, abin da ya sa na kira,
na je asibiti, sun ce..."

Ƙit.

Na riƙe wayar har tafina ya yi gumi.
Ba ya tashi sai bakwai.
Na ɗora wani ruwan shayi,
na share teburi, na kashe allo,
na zauna ina faɗaɗa kunnena.