Yaron Nan

Shekara uku da wata huɗu,
bakinsa a rufe kamar tukunyar da aka danne wa murfi.
Barira, wadda muka yi jego tare da uwarta,
har ta iya zagin akuya,
ta iya neman dala biyar ta alewa.
Nawa kuwa sai nuni da yatsa,
sai jan zanena in ƙishirwa ta kama shi.

Uwar mijina ta ce a ƙyale shi,
ubansa ma ya daɗe bai buɗe baki ba,
yau ga shi a tasha yana kiran fasinjan Madarunfa,
wa ya isa ya rufe masa?
Wata ta ce a ba shi ragowar ruwan aku.
Na nemo, na ba shi.
Ya sha, ya goge baki, ya dube ni.

Ran Talata na goya shi, muka hau kabu-kabu
daga Bagalam zuwa likita.
Madam Zuwaira ta tafa hannu a bayansa, ya waiga.
Ta kaɗa makullai, ya kai hannu.
Ta ce, “Kunne lafiya lau.
Kina yi masa hira?”
Na sunkuyar da kai.
“Yaya sunansa?”
Na miƙa mata katin awo ta karanta da kanta.
Ba ta yi faɗa ba. Ƴar garin nan ce,
ta san ɗan fari in ta gan shi a bayan uwarsa.

Innata har ta koma ga Allah
ba ta kira yayana da suna ba,
amma shi take ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin faifai.
Haka na koyi so:
a yi shi da hannu, a kau da ido.

Daren nan wuta ta ɗauke, gida ya yi barci,
ina matsar gujiya, yana zaune a gefen tabarma.
Na ce, “Wannan tunkuza ce.”
Muryata ta ba ni kunya, na waiga ko wani ya ji.
“Wannan mai ne. Wannan wuta, kul ka taɓa.”
Washegari na ƙara.
Na faɗa masa kuɗin tiya a kasuwa,
da wadda ta ci bashin ƙuli-ƙulina tun azumi,
da shekarar da Gulbi ya cika
ya kwashe tumatirin babana a dare ɗaya.
Abin da ban faɗa wa ubansa ba ma ya ji.
Shi dai ido,
yana murza ɗan guntun tunkuza a tafinsa.

Sai da wata biyu suka wuce.
Wata safiya ya yi ɗage ya leƙa randa,
ya ga fuska a cikin ruwa,
ya dafa ƙirji, ya ce,
“Yaron nan.”

Uwar mijina ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.
Ni ludayi ne ya suɓuce mini.
Abin da na zuba, shi ya ɗebo.
Duk tsawon shekarun nan
sunan da ya ji a bakina ke nan.

Ban ce komai ba, na jira dare.
Na jawo shi jikina,
na kai baki ga kunnen da aka yi wa huɗuba,
na ce, “Mutari.”
Harshena ya yi nauyi kamar nasa.
Na sake. Na uku ya fi sauƙi.
Ashe mu biyu ne ke koyon magana a ɗakin nan.

Har gobe, in da mutane, “kai” nake ce masa.
Ya kan waigo, ya ɗan rufe baki da hannu yana dariya,
kamar wanda aka ba ajiya
aka ce kada ya faɗa wa kowa.