Turken Ƙarshe a Gürgenli

A hedikwatar kamfaninmu da ke Ankara,
hawa na ashirin da shida,
akwai guduma cikin akwatin gilashi.
Baƙi na ɗaukar ta hoto.
Ni na san ba ita ce ta asalin ba,
ta asalin tana ƙarƙashin ruwa.

Usta Zihni ya fara da alfadarai biyu,
da surukinsa, da bashin farar ƙasa.
Gürgenli ƙauye ne da kogi ya raba,
gonakin shayi a wannan gaɓa, makabarta a waccan.
In ruwa ya kawo, gawa kan kwana uku tana jira.
Ya sassaƙa dutse, ya jera, ya lanƙwasa baka guda,
ya binne gudumarsa a cikinta,
ya ce a zare katakon tallafi yana tsaye a ƙasa:
in za ta faɗi, ta fara da shi kafin kowa.

Ba ta faɗi ba.
Sai kwalbati, sai makaranta,
sai titin da ya bi gefen Bahar Aswad
kamar ɗinki a bakin riga.
Babana Hurşit ke dama masa kwaɓi,
tafinsa ya yi kanta har bai jin zafin kofin shayi.
Aka sayar da alfadaran, aka sayo tifa,
tifa ta haifi goma.
'Ya'yan Zihni suka koyi sa hannu a banki,
jikokinsa suka koyi harsuna huɗu
da murmushin ranar buɗewa.

Mun huda duwatsu har mun gaji da ƙirga su.
Mun zuba kankare a inda numfashi ke daskarewa a gashin baki,
mun zuba a inda rodi ke ƙona hannu tun hantsi.
Mutum dubu talatin, kowa da hular kwano.
Arba'in da ɗaya ba su koma gida ba.
Sunayensu na kan allon tagulla bayan ƙofa,
inda ake rataye kwat,
ni kan ture rigunan in karanta, don gudun mantuwa.

Ni Perihan, mai awo ce.
Da kwangilar madatsa ta faɗo mana
ni aka ba taswira.
Na hau gangaren da na yi rarrafe a kansa,
na leƙa na'ura, na ɗaga wa yaro hannu: sama, ƙara sama.
Turken ƙarshe ya tsaya kamu uku bisa rufin goggona Şaziye.
Ta fito da gurasar masara mai zafi, ta ba ni,
ta dubi jan fentin ta ce,
"Lissafinki daidai ne?"
Na ce daidai ne.
Ta ce, "To ci, kar ta huce."
Ban taɓa jin lomar da ta ƙi wucewa kamarta ba,
ban kuma taɓa kuskure a awo ba,
ranar na so a ce na iya ɓatawa.

Birane bakwai suka sami wuta.
Ba na ƙaryata wannan, a haskenta nake rubutu.

Bara fari ya yi tsanani, tafkin ya ja da baya.
Na je da sandata.
Ga ta nan, taɓo har wuya, shekara ashirin da biyu babu mai taka ta,
bakanta bai karkace ba ko da faɗin farce.
Daga dutsen tsakiya wani jan tsatsa ya tsiyayo
kamar gudumar ce ke zubar da jini.
Na ɗora ma'aunina a kai don sabo.
Kumfar ta yi rawa, ta zauna a tsakiya.
Na haye zuwa waccan gaɓa, inda babu kowa,
na yi sallama,
na juyo kafin ruwan ya fara dawowa.