Nauyin Ashana Uku

Sikelina bai fi tafin hannu ba.
Cikin gwangwanin taba nake kwantar da shi,
da auduga, da tsinken ashana goma,
da kwabo mai huji da na gada wurin kakata.
Da su nake awon abin da ƙasar Batsari ta ɓoye,
ni Tanimu, da ban taɓa shiga rami ba.

Tun assalatu samari ke sauka,
igiya a ƙugu, tocila a goshi,
ƙasa ta haɗiye su kamar lomar tuwo.
Turmin da ya san gero bara,
bana dutse yake ci.
Ladidi na daka, tana tari,
goyonta na shaƙar garin dalma.
A kwano a zuba zaiba, a murza, a ƙona,
sai ɗan abin ya fito,
bai kai ƙwayar dawa ba,
amma kowa ya yi shiru.

La'asar sakaliya babura ke fitowa daga Rugu,
uku-uku, ba gaisuwa.
Cikin ashana goma, uku nasu.
Wai kuɗin tsaro.
Ban tambaya tsaro daga wa ba.
Mai ɗiya huɗu ba ya tambaya.

Na san hanyarsa.
Ana ɗinke shi a bakin wando,
ya bi ta bayan Jibiya da dare,
ba ya gaida kowa a shinge.
Yana fita rawaya, ba nauyi,
ya dawo baƙi cikin buhun gawayi,
yana warin mai,
sai mutum biyu sun kama.

Sallau wana ne, uwa ɗaya.
Gonarsa aka ce jijiya ta ratsa,
ya ce gyaɗarsa ta fara fure,
a bari ya cire.
Iyakar abin da ya ce ke nan.
Mun same shi a kunya ta bakwai,
fartanyarsa na hannunsa.

Na tsinci kwanson a gindin kalgo,
na sa aljihu, ban gaya wa kowa ba.
Da dare na ɗora shi a sikeli.
Na zuba ashana goma, bai motsa ba.
Na ƙara kwabon kaka.
Na zauna ina lissafi har kiran farko:
ranar wace kasuwa na auna kuɗinsa?
Da wane yatsa na share faranti
don kada ƙura ta cuci mai saye?

Ana yabona da gaskiya.
Ba a taɓa kama ni da tauye awo ba,
har su mutanen dajin sun shaida.

Jiya na shiga Katsina biyan bashi.
A rumfar maƙerin farfaru, kusa da Ƙofar Guga,
wata na gwada 'yan kunne a madubi,
tana juya wuya, tana dariya.
Sun yi mata kyau, wallahi.
Na so in ce mata wani abu,
sai na ce a sa lafiya.

Na dawo gida na wanke hannu da toka,
na sake da sabulu.
Hansatu, autata, ta haska min tocila:
Baba, farcenka na ƙyalli.

Na ce kashe, batir na tsada.
Gobe Alhamis, ranar awo.