Zaren Daren Alhamis

Ni baduku ne a Agege, rumfata na gefen layin dogo.
Takalma nake ɗinkawa, sai safar hannun yaran besbol
da koci Rasaki ke kawo mini cikin buhu,
fata ta sha gumi har tana warin majema.

Ran Asabar aka yi na sili-ɗaya-ƙwale a Surulere.
Na rufe rumfa, na hau danfo, na laɓe bayan waya.
Wata shida yaranmu na lallasa kowa,
yini ɗaya tak aka ware a auna su.

Zagaye na tara, muna gaba da ɗaya.
An fitar da biyu, saura ɗaya a watse.
Ɗan Ikorodu ya saki gora, ƙwas!
Ƙwallo ta yi sama kamar shirwa ta hango hayaƙi,
ta tsaya, ta yi shawara, ta fara saukowa
daidai kan Sallau,
Sallau da ko lemo bai taɓa suɓuce masa ba.
Ta shiga safar. Da idona na ga ta shiga.
Sai ta ɓulle ta baya, ta kwanta a ciyawa,
mutum biyu suka sheƙa gida,
filin ya ɗauki ihu da Yarbanci.

A motar dawowa aka kafa kotu.
Rasaki ya ce, "Gwaninta bakin kogi take kai mutum,
zuciya ke hayewa da shi. Yaron ya karaya."
Ladidi mai littafin maki ta lashi yatsa, ta buɗe shafi:
"Sau ɗari da goma ta zo masa bana, sau ɗari da goma ya cafe.
Yau ina zuciyar ta sauka, Oshodi?
Ba a auna buhu da ƙwaya ɗaya."
Wani ya ce baki ne ya kama yaron.
Kwandasta, da bai san wasan ba,
ya ce rabo ne, kowa ya kawo kuɗin mota.

Ni ban ce uffan ba.
Daren Alhamis nake tunawa, an ɗauke wuta,
zare mai kaki ya ƙare, na Mushin ya yi tsada,
na jawo na takalmin 'yan makaranta, na ninka biyu,
na ce ai zai kai Asabar.
Ya kai Asabar ɗin.
La'asar ce bai kai ba.

Lahadi da hantsi ya zo, safar a leda.
Tsakanin babban yatsa da manuni ɗinkina ya wage baki
kamar mai shirin ba da shaida.
Na ce, "Sallau, aikina ne. Je ka faɗa musu."
Ya bi jirgin ƙasa da kallo har taragon ƙarshe,
sannan ya ce, "Baba Mato, tun tana sama gwiwata ke rawa.
Na runtse ido kafin ta iso.
Ban sani ba, zaren ne ko ni."

To, wa zan tambaya?
Littafin Ladidi ba shi da gurbin zare,
ba shi da gurbin gwiwa.
Ɗan Ikorodun nan yau ana ce masa zaki,
da zarena ya riƙe, da an ce tsoro ya sa ya buga sama.
Sai an tashi wasa ake raɗa wa zuciya suna,
kuma wanda ya ci shi ke yanka ragon.

Na sayo zaren Mushin, cefane ya ji jiki.
Sallau na kan bencina bai tafi ba,
yana cilla ƙwallo sama, yana cafewa da hannu tsura,
ido a buɗe, yana ƙirgawa a hankali.
Ina soka basilla, ina ja, ina ƙullewa sau uku.
Yana kan tamanin da bakwai.